Shafi na Sha Ɗaya a Littafin Hanyarka

Assalamu alaika Baba,

Allah Ya sa kana cikin ni'ima, Ya yalwata maka makwanci. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da ana kai wa mutanen maƙabarta wasiƙa, ban san layin da kake ba. Yaya Bashir da kansa ya ce da ya koma bayan wata biyu ya kasa gane wurin, duwatsun duk iri ɗaya ne. Amma zan rubuta, don akwai maganar da ta yi wata goma tana zaune a ƙirjina, ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma kai ya kamata ka fara ji.

Baba, shafi na sha ɗaya a littafin hanyarka ƙarya ne. Ba kai ka faɗa ba. Ni na ƙirƙira shi.

Ga shi na rubuta. Na ajiye biro na ɗan jira in ga ko wani abu zai faru. Babu abin da ya faru. Bari in fara ba ka labarin gida tukuna.

Wata takwas ke nan da tafiyarka. Umma ta fita takaba tun kafin sanyi ya shigo, ta koma kan keken ɗinkinta. Abayoyin matan unguwar Mansur sun sake taruwa a kan kujerar falo, babu wurin zama. Ta rame, in an yi magana ta ce aiki ne. Har yanzu in ta je kanti sai ta sayo sabulun nan mai kaushi da kake wanke baƙin mai da shi, yanzu Yaya ke ƙarar da shi. Ni kuma ina nan. An yi jarrabawa, lissafi dai ka san yadda muke da shi. Malamar Larabci ta ce in rage kallon taga. Gwaggo ta aiko mini da littattafai uku daga Kano ta hannun wata mai Umra, duka na soyayya, sababbi fil, kuma ban buɗe ko ɗaya ba. Ka yarda? Ni ɗin nan da kake cewa ko gobara aka yi sai na ƙarasa shafi kafin in fito.

Sai babban labari. Tsohuwa ta tashi, Baba.

Yaya ya ƙarasa ta. Ranar da injin motar ya kama, ƙarar ta sa tantabarun maƙwabta duk suka watse, maza suka cika tsakar gida suna ta masha Allah. Umma ta tashi ta rufe taga. An yi mata farin fenti da koren layi ɗaya daga gaba har baya, kamar yadda ka zana a bayan kwalin shayi. Jiya masu gasar tseren motoci suka duba ta, suka sa ya canza bel ɗin kujeru da tukunyar kashe wuta, sannan suka manna mata lamba. Ranar Asabar za ta hau dutse. Yau Laraba.

Ina 'yar shekara tara ka kawo ta daga wurin matattun motoci na hanyar Jidda, a bayan babbar mota. Ba gilashi, ba kujeru, tsatsa ta ci gindinta har ana hango ƙasa. Sai kejin ƙarfen nan na ciki, wanda ka ce shi ya gaya maka ta taɓa yin tsere a hannun wani tun kafin ka auri Umma. Na tuna Umma ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ludayi, ta tambaye ka ko kaji za mu fara kiwo. Ka ce mata nan da Hajji biyu za ta ji kukanta. Hajji bakwai aka yi.

Shekara guda kana goge tsatsa kawai. Kusan biyu kana jiran kaburata daga wata ƙasa, da ta zo kuma ba ta dace ba. Kowane noti da ka kwance sai ya shiga gwangwanin madara, ni kuma in rubuta a jiki: birkin gaba, giya, lagireto. In lokacin Hajji ya zo sai ka rufe ta da tsohuwar darduma ka tafi unguwar Aziziyya gyaran bas-bas na alhazai, ka dawo bayan wata biyu hannuwa duk ƙuna, ka yaye dardumar kafin ma ka cire takalmi.

Na gaji da motar nan, Baba. Wannan ma ban taɓa gaya maka ba. Na gaji da shanya kaya a kan bene saboda ta cinye tsakar gida. Na gaji da warin fenti a jikin abayata, 'yan ajinmu suna tambaya ko a gareji nake kwana. Juma'a nawa ka ce za mu je bakin teku, sai wani ƙarfe ya ƙi shiga wurinsa, mu cire kayan fita mu zauna? Ban yi fushi ba. Gajiya ce kawai, irin wadda barci ba ya kawar da ita, kuma yanzu duk gidan ya kamu.

Amma akwai abu ɗaya da nake so game da ita. Ta sa ka buƙace ni.

Kai ka bayyana mini yadda gasar take, kana zaune a kan taya. Ka ce ana rufe hanyar kwalta ta kan dutse, a saki motoci ɗaya bayan ɗaya, agogo ne alƙali. Direba ba ya ganin abin da ke bayan lanƙwasa, don haka na gefensa ke karanta masa hanya daga littafi kafin su isa. Kowace lanƙwasa da lambarta. Ɗaya ita ce lanƙwasa mai tsanani kamar ƙugiya, shida kuma kusan a miƙe take, ba sai an ɗaga ƙafa ba. In wurin yana da haɗari, ka ce za ka buga sitiyari sau biyu, ni kuma in ja jan layi a ƙasa. Ka ce Larabci na kasuwa ne da ofis, amma in mota tana gudu kunnenka Hausa kawai yake ji. Yaya kuwa Larabci kaɗai ya iya rubutawa. Ni ce na iya boko a gidan, kuma a cikin littattafan da Umma ke yi mini faɗa a kansu na koya. Ka yi dariya har da tari, ka ce ashe soyayyar nan tana da ranarta.

Ka tuna ranar? Lokacin furen wardi ne. Muka fita bayan asuba a motar gida, muka wuce Ɗa'if, muka kama hanyar gasar. Ina gaba, littafi a cinyata, baƙin biro da ja a hannu. Kana tafiya a hankali kana faɗa, ina rubutawa. Dama uku, mita hamsin, hagu biyar doguwa, kar a yanka. Shafi goma na yi ban rasa ko kalma ba. Har ka ce in ba don Umma za ta kore mu duka ba, da ni za ka ɗauka ranar gasar.

Sai muka wuce ƙaramin masallacin nan mai shuɗin tankin ruwa. Gajimare ya sauko har kan kwalta, ya ɗan yaye, na hango gonar wardi can ƙasa, wani saurayi yana juye buhun furanni a kan zane. Ko fuskarsa ban gani ba. Amma kafin in ankara na ba shi suna, na ba shi murya, na sa motar wata yarinya ta lalace a bakin gonarsu. Yarinyar ba ta iya magana a gaban mutane, shi kuma bai damu ba. Na kai har inda mahaifiyarsa ta ce ba ta yarda ba. Kana ta magana, ina jin muryarka kamar rediyon maƙwabta. A tsakiyar haka na ji an buga sitiyari sau biyu. Wannan na ji shi sarai. Amma ban dawo ba sai da birai suka diro kan katangar hanya ka yi dariya. Na duba, biro yana nan inda na bar shi, rabin shafi fari fat.

Ka tambaye ni ko ina tare da kai. Na gyaɗa kai.

Me ya hana ni cewa Baba tsaya, mu koma baya? Minti biyar ne. Ba za ka dake ni ba, ba ka taɓa ba. Sai dai za ka tambaye ni ina hankalina ya tafi, kuma da in gaya maka gaskiya gara ƙasa ta tsage in shige. Yanzu fa ka gama yabo na.

Da muna saukowa na ƙirga ta taga, tsakanin birai da masallaci lanƙwasa huɗu ce, na riƙe wace ce dama wace ce hagu. Lambobin ne ban sani ba. Da muka iso gida na duba shafi na goma da na sha biyu, na ga huɗu da biyar sun fi yawa, sai na cike gurbin da su. Dama huɗu, hagu biyar, dama huɗu, hagu biyar doguwa. Na gyara rubutun ya yi kyau. Ban ja jan layi ba, don ban san a ƙarƙashin wacce zan ja ba. Na ce wa kaina ba komai, ai ka ce sai mun hau sau uku kafin a yarda da littafi, a hawa na biyu zan gyara ba wanda ya sani.

Ba a yi hawa na biyu ba. Sati uku bayan nan ƙafafunka suka fara kumbura.

A asibiti ka ce in zo da littafin in karanta maka. Ka rufe ido, hannuwanka suna motsi a kan bargo kamar kana riƙe da sitiyari. Ina karantawa kana juyawa. Da na zo shafi na sha ɗaya na haɗa shafi biyu na juya tare. Ka buɗe ido ka dube ni, sannan ka mayar ka rufe. Ka gane ne, Baba? Ko ciwon ne ya motsa? Ka jira ne in faɗa da bakina? Wannan kallon na juya shi ta kowace fuska har na gaji, ban samu amsa ba.

Bayan rasuwarka na ɗauka za a sayar da Tsohuwa. Wallahi har addu'a na yi. Mutum biyu sun zo sun taya, Umma ta ce a ba su ko a nawa ne. Yaya ya ce sai dai a sayar da shi tare da ita. Yana dawowa daga aiki zai cire farar riga ya shiga ƙarƙashinta. Sannan wata rana ya zo ƙofar ɗakina da littafinka, yana ta sosa ƙeya, ya ce in koya masa boko. Mutum mai shekara ashirin da shida, Baba, yana bin haruffa da yatsa kamar ɗan aji ɗaya, yana rikita ƙa da ka, ina gyara masa. Ya ce ba ya son a fassara masa maganarka, yana so ya ji ta yadda ta fito daga bakinka. Ya sa kowane shafi a cikin leda don kada mai ya taɓa. Ya haddace littafin kaf. Ni na koya masa karanta ƙaryata, harafi bayan harafi.

Kawu Sale, ƙanin Umma, shi zai zauna a gefensa ya karanta, tunda a Zinder ya yi makaranta. Makon jiya suka je duba hanya a motar Kawu, a hankali kamar yadda dokar gasar ta ce. Na yi ta murna a raina, na ce to shi ke nan, za su gani su gyara, ba sai na buɗe baki ba. Suka dawo ba sa yi wa juna magana.

A wurin cin abinci abin ya fashe. Kawu ya ce hagun ƙarshe ta shafi na sha ɗaya ba biyar ba ce, uku ce, ukun ma mai rowa, tana matsewa a ƙarshe, kuma bayanta magudanar ruwa ce sai rami. Ya ce ya ciro fensir zai gyara, ɗan nan ya fizge kamar an taɓa masa Alƙur'ani. Yaya ya ce kai ka yi shekara ashirin kana jigilar fasinja a duwatsun nan tun Kawu bai iya keke ba. In ka ce biyar, to akwai layin da ka gani wanda su ba su gani ba, a shigo ta can waje a yanko ciki, kuma zai same shi. Ya ce shi ba zai zama ɗan da ke bin bayan ubansa da fensir ba. Kawu ya ce masa kai da ubanka duk kanku ɗaya, in aka buga da dutse dutsen ne zai tsage, shi fa 'ya'ya huɗu gare shi. Yaya ya ce to ya sauka mana, ga Ummi nan ta fi shi murya. Daga ƙarshe Kawu ya ce halas, shi ke nan, zai karanta abin da ke rubuce, amma sai ya fara yin kalmar shahada da ƙarfi. Suka yi dariya su biyu. Umma ba ta yi ba. Ni na tashi na je na sake wanke kwanukan da na riga na wanke.

Ko Kawu ya daure ranar gasar ya ce uku, me hakan zai canza? Yaya ya haddace biyar. Ƙafarsa biyar za ta ji.

Na gwada faɗa, Baba, kar ka ce ban gwada ba. Na kai masa shayi tsakar gida da niyyar in faɗa, sai ya nuna mini shafin da kansa, ya ce duk littafin babu inda ya fi so kamar nan. Wai a nan ne ya gane kai ba tsohon bakanike ba ne kawai, a nan zuciyarka ta fito, lanƙwasa huɗu a jere babu ko jan layi ɗaya. Idonsa ya kawo ruwa. Na ajiye shayin na ce sukari ya isa ko a ƙaro. Na je wurin Umma, na same ta ta kifa kai a kan keke, na juyo. Na yi tunanin in yage shafin, to yana cikin kansa. Na yi tunanin in ɓoye makullin, yana da biyu. Na yi fatan masu dubawa su ce motar ba ta cancanta ba, ga shi ta wuce. Ka gyara ta da kyau, Baba, kai da shi.

A littattafan da nake karantawa, in yarinya ta kasa magana sai wani ya tsinci zancen a bayan labule, ko ta faɗi sumammiya a tashe ta tana sambatu, kowa ya ji ba tare da ta sha kunya ba. Kwana shida ina jiran irin wannan. A gidanmu ba wanda ke laɓewa a bayan labule, kowa ya gaji.

Ka san abin da nake tsoro? Ba faɗa ba ne, da ma ya yi faɗan. Fuskarsa nake tsoro, lokacin da zai gane wurin da ya fi jin ka a ciki ba ka nan. Zan ƙwace masa abu, kuma ba ni da abin da zan ba shi a madadinsa. Sannan zai dubi sauran shafukan ya ce su ma fa? Wallahi tallahi sauran duk naka ne, kalma da kalma, har inda ka ce a kula da yashi a bakin gada. Amma wa zai yarda da rantsuwar wadda ta yi wata goma tana shiru?

Akwai kuma wanda ya fi wannan ciwo, shi ba shi da gyara. Ka faɗi wani abu a kan lanƙwasar nan huɗu. Sau ɗaya ka faɗa, ni kaɗai ce a wurin. Wataƙila ka ce uku. Wataƙila ka ce wani abin da Kawu ma bai gani ba. Ka ba ni a hannu, na sake shi ta taga saboda wani mai juye furanni da ko fuskarsa ban sani ba. Ka yafe mini, Baba. Ban san ko ana yafewa daga inda kake ba, amma ka yafe mini.

An yi la'asar tun ɗazu. Gobe da safe motar ɗauka za ta zo ta tafi da Tsohuwa. Daga nan ina jin Yaya a tsakar gida yana ɗaure tayoyi, yana karanta hanya shi kaɗai a hankali, da Hausarsa mai karkata.

Niyyata in naɗe takardar nan in tura ta ƙarƙashin katifa. Amma na sake karantawa daga farko, na ga duk duniya nan ne kaɗai na iya faɗin maganar a miƙe. In na sauka da bakina zan sake tambayarsa sukari. Don haka ka yi haƙuri, wasiƙarka ce amma shi zan ba. Har da zancen mai furanni, har da cewa na yi addu'a a sayar da ita, ba zan goge komai ba. Yaya, in ka iso nan, je ka ba Kawu fensirinsa. Baba bai ce biyar ba.

Zai daɗe yana karantawa. Zan tsaya a gabansa har ya gama, ko ƙafafuna sun ce in gudu.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka huta. Mu ma Ya ba mu hutu.

'Yarka da ta gyaɗa maka kai,
Ummi